Yadda na shiga fadojin gidan sarautar Ingila, daga neman biza har kabarin Sarauniya

Shekarata goma sha huɗu ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandaren 'yan mata a Katsina, kuma duk shekara in mun zo darasin mulkin mallaka sai na rubuta sunaye uku a kan allo: Sarki Edward VII, wanda ke kan gado lokacin da aka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarki George V, wanda a zamaninsa aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, da Sarauniya Elizabeth II, wadda a zamaninta muka samu 'yanci a 1960. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana yaro aka tafi da shi Kaduna a 1956 kallon hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ba mu labarin ƙurar dawakan wannan rana ba. Da ƙanena da ke aiki a Ingila ya ce in zo in yi dogon hutun 2024 a wurinsu, abin da na fara ce masa shi ne sai in zai kai ni in ga gidajen mutanen nan da idona. Ya ce, "Yaya, ai daga garinmu Slough zuwa Windsor minti shida ne a jirgin ƙasa." Na ɗauka abin zai zo da sauƙi kamar yadda ya faɗa. Ya zo, amma sai da na yi ta karo da abubuwan da da wani ya gaya mini tun farko da na huta, shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi tun daga tushe.

Da biza na fara, don in babu ita sauran duk zance ne. Bizar ziyara ta wata shida ake nema, kuma ba a karɓar buƙata sai tafiyar ta rage wata uku ko ƙasa da haka. Tunda tsakiyar Agusta nake son tashi, a farkon Yuni na cike fom. A intanet ake cikewa, a shafin gwamnatin Birtaniya, kuma ina roƙon duk mai niyya ya cike da hannunsa, ko a cike yana zaune a wurin yana ji yana gani. Na san waɗanda suka bar fasfo a shagon kwamfuta suka tafi harkarsu, aka rubuta musu albashin da ba su taɓa karɓa ba. Tambayoyin ba su da wuya, yawa ne da su: aikinka, abin da kake samu a wata, abin da kake kashewa, nawa za ka kashe a tafiyar, wa zai biya, ƙasashen da ka je cikin shekara goma, 'yan'uwan da kake da su a can, da sunayen iyaye da ranakun haihuwarsu. A nan na tsaya cak, don Innarmu ba ta san ranar da aka haife ta ba. Sai da na je gida na ɗauko fasfon da ta yi aikin Hajji da shi na kwafi abin da ke ciki, domin kada gobe takarda ta saɓa wa takarda. Kuɗin biza a lokacin fam 115 ne, amma da dala ake cirewa, kuma a wannan shekarar katin naira ba ya biyan kuɗi a shafukan waje. Ƙanena ne ya biya da katinsa. In an juya shi zuwa kuɗinmu ya haura naira 200,000, kuma ko an ba ka ko an hana ka ba a mayarwa. Kuɗin ya ƙaru bayan nan, sai a duba kafin a yi lissafi.

Takardun da na haɗa su ne shaidar aiki daga makaranta mai nuna cewa hutu nake kuma zan koma aji a Satumba, takardun albashi, bayanin shige da ficen kuɗi na asusuna na wata shida, wasiƙar gayyata daga ƙanena, hoton fasfonsa da shaidar izinin zamansa, da takardar hayar gidansa. Abin da ya hana ni barci shi ne wasu kuɗi masu kauri da suka faɗo asusuna a watan Afrilu. Kwasar adashinmu ce ta malamai, halal ɗina, amma wanda zai duba takardar a wata ƙasa bai san adashi ba, zai ga malamar makaranta ce kuɗi suka faɗo mata rana tsaka. Wata abokiyar aikina da ta taɓa tafiya ta ce kada in ɓoye kada kuma in yi shiru. Na rubuta gajeriyar wasiƙa na bayyana yadda adashi yake, mu nawa ne, nawa muke zubawa, na haɗa da hoton shafin littafin uwar adashi, na kuma ja layi a ƙarƙashin zubin da nake yi duk wata. Duk waɗannan na ɗora su a intanet da kaina kafin ranar zuwa ofis, don in ka bari sai can za a ɗora maka, kuɗi ne daban. Ban sayi tikitin jirgi ba sai da biza ta fito, ba a kuma nemi in saya ba.

Abuja na zaɓa don ɗaukar hoto da zanen yatsu. Na kwana a gidan wata 'yar ƙanwar mahaifiyarmu, na isa wurin saura rabin awa lokacina ya yi, da fasfo da takardar alƙawarin da na buga. Ga abin da nake so mata 'yan'uwana su ji da kyau: kada a yi lalle a yatsu. Sati biyu kafin ranar aka yi bikin wata ɗalibata, har an kawo kwaryar ƙunshi gabana na janye hannu, don na karanta a ƙa'idojinsu cewa dole yatsu su zama babu lalle babu yanka. A layin da nake, wata baiwar Allah da ta taso daga nesa da jan lalle har gaɓa ta sha wahala kafin na'urar ta karanta yatsunta, ina kallo hankalinta ya tashi. Hijabi kuwa ba wanda ya ce in cire, an dai ce in ja shi baya kaɗan fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa. Babu wata ganawa ko tambayoyi, ma'aikatan wurin karɓa kawai suke yi, ba su ke yanke hukunci ba. Zaman jira ya kai awa ɗaya da rabi, aikin kansa bai wuce minti goma ba. Na biya kuɗin aiko da fasfo har gida don kada in sake hawa hanyar Abuja. An ce a sa ran amsa cikin sati uku. Ranar kwana na goma sha tara saƙo ya shigo cewa an yanke hukunci, amma bai faɗi wane iri ba. Kwana biyu na yi ina juyi kafin ambulan ta iso. Na buɗe ta a tsakar gida hannuna na rawa, na ga an manna bizar, na yi hamdala, sannan na bi harafi-harafi na duba sunana da kwanakin.

A cikin kwanakin jiran nan ne na gano ruɗanin da ya fi kowanne cin kuɗin baƙo. Na zaci fadojin duk a hannu ɗaya suke, tikiti ɗaya zai shigar da ni ko'ina. Ashe kashi-kashi ne. Fadojin da sarki ke aiki a cikinsu har yau, wato Buckingham a Landan da Windsor da Holyroodhouse a Edinburgh, hukumar Royal Collection Trust ce ke sayar da tikitinsu. Tsofaffin da sarakuna suka tashi daga cikinsu, irin su Hasumiyar Landan da Hampton Court da sashen tarihi na Kensington, wata ƙungiya ce daban mai suna Historic Royal Palaces. Sai kuma Sandringham da Balmoral, waɗanda ba na gwamnati ba ne, gidajen gado ne na iyalin: mijin Sarauniya Victoria, Yarima Albert, ya sayi Balmoral a 1852, aka sayi Sandringham a 1862. Buckingham kuma ba kullum ake shiga ba, a ƙa'ida daga Yuli zuwa Satumba ake buɗe manyan zaurukanta, kuma tikitin yana ɗauke da ranarsa da sa'arsa. Na kusa saye a wani shafin 'yan tsakani da ya fito a saman bincike, matar ƙanena ta tare ni a waya. Ta ce, "Yaya, dakata, ki bari mu saya kai tsaye daga masu fadar. In kai tsaye ne ana mayar da shi na shekara guda, kina sake shiga ba ki biya ba." A lokacin ban ga amfanin hakan ba, ni da zan yi sati uku in dawo. Windsor da Buckingham kowanne ya tashi fam 30 ko sama da haka kaɗan, Kensington kimanin fam 20.

A filin jirgin Heathrow jami'in shige da fice ya tambaye ni wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, me nake yi a gida. Na nuna wasiƙar gayyata da tikitin komawa, ya buga hatimi. Ban daɗe a gabansa ba, layin ne ya ci kusan awa guda.

Windsor muka fara, ranar Lahadi, don ranar ce kaɗai ƙanena ba ya aiki a satin. Daga tashar jirgi ana hawa 'yar gangara, a wuce mutum-mutumin Sarauniya Victoria, a shiga layi. Ana bincike kamar na filin jirgi, jaka ta bi ta na'ura, sannan a ba ka wata 'yar na'ura mai abin sawa a kunne da ke yi maka bayani ɗaki bayan ɗaki, ba a biyan komai a kanta. Gani ya kori ji. Ni da nake tsammanin gida, sai na tarar da gari guda a cikin ganuwar dutse, a tsakiya ga wata kewayayyar hasumiya a kan tudun da aka tara da hannu. William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya kafa wurin wajen 1070 don tsaron Landan ta yamma, kuma tun daga lokacin ba a taɓa barinsa kango ba. Ƙanena ya nuna mini tutar da ke saman hasumiyar ya ce in ta ƙasa ce sarki ba ya nan, in tasa ce ta sarauta yana ciki. Ta ƙasa muka gani. A cikin ɗakunan ba a ɗaukar hoto, kuma na gode da hakan, don ya sa na kalli abin da ke gabana. Zauren St George ne ya fi tsayar da ni. Tsawonsa ya haura mita 50, ana jera teburin da ke cin mutum 160 in an yi babban baƙo, rufinsa cike da garkuwoyin jaruman da aka naɗa tun 1348, kowace da tambarin mai ita. Nan da can za ka ga garkuwa fara fat babu zane, ta waɗanda aka tuɓe ne saboda laifi, an bar gurbinsu a fili kowa ya gani. Wannan zauren gaba ɗaya sabon gini ne a cikin tsohuwar ganuwa, domin ranar 20 ga Nuwamba 1992 fitila ta kama labule a ƙaramin ɗakin ibadar Sarauniya, wuta ta yi awa 15 tana ci, ta lalata ɗakuna 115. Shekara biyar aka yi ana gyara, kuma neman kuɗin gyaran ne ya sa aka fara buɗe Buckingham ga masu biya a 1993. Wato tikitin da ke jakata asalinsa gobara ce.

A wani ɗaki kusa da mashiga akwai akwatunan gilashi cike da makamai da kyaututtuka da ganima. A nan na ga kan damisa na zinariya, haƙoransa na dutse mai ƙyalli, wanda aka ciro daga karagar Tipu Sultan, sarkin Musulmi na Mysore a Indiya, bayan Turawan Ingila sun kashe shi a 1799. Na daɗe a gabansa. Mutane na wucewa suna yaba kyan aikin, ni kuwa Sarkin Musulmi Attahiru nake tunawa da abin da ya faru a Burmi a 1903. Ban ce wa kowa komai ba, ƙanena ya lura ya tsaya a gefena har na gama.

Da muka fito muka gangara zuwa majami'ar St George, inda kaburburan sarakunan suke, wurin da shi ne ainihin abin da ya kawo ni. Muka tarar ba a shiga. Ranar Lahadi ta masu ibada ce kawai, ba a buɗe wa masu ziyara, kuma an rubuta hakan ƙarara a shafin da muka sayi tikiti, mu ne ba mu karanta har ƙasa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har idona ya kawo ruwa. Wata dattijuwa cikin masu kula da wurin ta ga yanayina ta tambayi ko lafiya. Da ƙanena ya yi mata bayani sai ta karɓi tikitina ta duba, ta ce ai kai tsaye aka saya, in je a mayar mini da shi na shekara kafin in fita ƙofa, in dawo ranar da majami'ar ke buɗe. Ta ƙara da cewa kada in zo Talata ko Laraba, fadar gaba ɗaya a rufe take, kuma in zo da wuri don ana rufe majami'ar kafin sauran wuraren. Na sa hannu aka yi abin da za a yi a tikitin cikin minti biyu. A jirgin komawa na kira matar ƙanena na yi mata godiya.

Kensington na je ni da ita bayan kwana uku, kuma da zan sake tsara tafiyar da nan zan fara, don a nan zaren gidan yake kamawa. Fada ce ta jan bulo a gefen wani babban lambu, ba ta da girman kai irin na sauran. A nan Sarauniya Anne ta rasu a 1714, bayan ta yi ciki goma sha bakwai ba ɗa ko ɗaya da ya rayu ya gaje ta. Dokar 1701 ta hana ɗan Katolika hawa gado, saboda haka aka tsallake dangi sama da hamsin da suka fi kusa, aka ɗauko George, mai mulkin Hanover a ƙasar Jamus, yana da shekara 54, Jamusanci ne harshensa. Ni 'yar Katsina wannan bai yi mini baƙo ba, mun san yadda sarauta ke tashi daga gida ta koma wani, daga Haɓe zuwa Dallazawa, daga Dallazawa zuwa Sulluɓawa. A jikin bangon matakalar sarki an zana fadawan George I suna leƙowa ta baranda, har da barorinsa biyu Turkawa da rawunansu. Daga nan aka bi da mu ɗakin da aka haifi Victoria a 1819, da ɗakin da ta zauna da manyan ƙasa ranar 20 ga Yuni 1837, tana da shekara 18, sa'o'i kaɗan bayan an tashe ta daga barci an ce mata sarki, wan mahaifinta, ya rasu, sarauta ta faɗo kanta. Ɗalibaina na ajin ƙarshe shekarunsu ke nan. A ranar ce kuma Hanover ta rabu da Ingila, don dokar can ba ta yarda mace ta yi sarauta ba, sai wani ƙanen mahaifinta ya hau. A Kensington an bar mu mun ɗauki hoto, kuma awa biyu sun ishe mu. Sashen da 'yan gidan sarautar ke zaune a yanzu a katange yake, kada wani ya je da tsammanin ganinsu.

Buckingham ni kaɗai na je, tikitina na ƙarfe sha ɗaya da kwata. Na isa da wuri na tsaya a gaban babbar ƙofar nan mai baƙin ƙarfe da ruwan zinariya da muke gani a talabijin, cikin dubban mutane, ina jiran a buɗe. Saura minti goma na ga ba alamar layi, na tambayi wani ɗan sanda, ya ce ai masu tikiti ta gefe suke shiga, in bi ta hagu in gangara titin Buckingham Palace Road. Da sauri-sauri na isa, numfashina na fita sama-sama. Matambayi ba ya ɓata, amma da na tambaya tun isowata da ban yi wannan gudun ba. Abu na biyu, babu banɗaki a farkon zagayen ko a tsakiyarsa, sai an fito lambu a ƙarshe, kuma zagayen ya kai awa biyu zuwa biyu da rabi. Mai ciwon suga ko mai tafe da tsoho ko yaro ya kimtsa tun daga tasha. Gidan asalinsa na wani basarake ne da ya gina a 1703, George III ya saya wa matarsa Charlotte, George IV ya kashe dukiya ya mayar da shi fada, amma Victoria ce ta fara tarewa a ciki a 1837. Ɗakuna 775 ne, 19 ake nuna wa baƙi. Na ga ɗakin karaga da kujerunsa biyu ja a ƙarƙashin rumfa, na ga doguwar barandar zane-zane mai rufin gilashi, na ga babban zauren da ake liyafar shugabannin ƙasashe da ba da lambobin girma. A wani farin ɗaki aka nuna mana madubi da kabad da ke buɗewa gaba ɗaya kamar ƙofa, ta nan sarki ke fitowa daga sashensa ba a ga shigowarsa ba. Ina tafe ina tunanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya zo Ingila a 1921 ya gana da George V, da yadda idon mutumin da ya fito daga gidan Korau ya kalli irin wannan duniya. A gaskiya Buckingham ta fi ado, amma Windsor ta fi shiga raina. Fita kuma ta lambu ake yi, tafiya ce mai ɗan nisa a kan tsakuwa, kuma ƙofar da za ta fitar da kai ba ita ce ka shigo ta ita ba, sai na sake neman hanyar tasha. Azahar da La'asar na haɗa na yi ƙasaru a kan ciyawa a wani lambun gwamnati da ke kusa, da alwalar da na riƙe tun daga gida, ba wanda ya ko kalle ni.

Ranar Alhamis na koma Windsor da tikitina na shekara, ban sake biyan kuɗin shiga ba. Ana buɗewa na wuce kai tsaye majami'ar. Da hijabina na shiga, a matsayin mai neman ilimi, aka karɓe ni kamar kowa. An fara ginin a 1475 aka gama a 1528, rufinsa dutse ne da aka sassaƙa ya bazu kamar ganyen giginya. Ina shiga daga ɓangaren yamma na ci karo da kabarin George V da matarsa Mary, an sassaƙa siffarsu a kwance da farin dutse. Wannan mutumin ne ya raɗa wa gidan sunan da muka sani. Kakarsa Victoria ta auri Albert na Saxe-Coburg da Gotha a 1840, saboda haka da ɗansu Edward VII ya hau a 1901 sunan gidan na Jamus ne. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi tsanani, ga Sarkin Jamus Wilhelm II jikan Victoria ne kamar George, ga jiragen da ke jefa wa Landan bama-bamai sunansu Gotha, sai ranar 17 ga Yuli 1917 ya yi shelar cewa daga yau gidan Windsor ne. Fadar ta haura shekara 900, sunan gidan kuwa bai daɗe da cika ɗari ba, kuma shekara goma sha huɗu ina faɗa wa yara "gidan Windsor" ba tare da na fayyace musu wannan ba. Can gaba kusa da inda limamansu ke tsayawa na ga kabarin Edward VII. A tsakiyar daɓe kuma ga wani baƙin dutse da mutane ke bi ta kansa, a ƙarƙashinsa Henry VIII ne da Charles I, wanda majalisarsa ta sa aka fille wa kai a 1649.

Layi ɗaya ne kawai a cikin majami'ar, na masu son ganin kabarin Elizabeth II, kuma ba a tsayawa, ana tafe ana leƙawa ta bayan wani shingen ƙarfe. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a gefe, bai fi ɗakin kwanan malamin makaranta ba. A ƙasa baƙin dutse ne shimfiɗe da sunaye huɗu da shekaru: mahaifinta George VI 1895 zuwa 1952, mahaifiyarta Elizabeth 1900 zuwa 2002, ita kanta Elizabeth II 1926 zuwa 2022, mijinta Philip 1921 zuwa 2021. Babu kambi, babu siffa. Daƙiƙa kamar goma na samu kafin na bayana ya matso. Matar da Baba ya hango daga nesa cikin ƙurar Kaduna ke nan, kuma sunaye ukun da nake rubutawa a allo duk ga su a ƙarƙashin rufi ɗaya, tsakaninsu taku kaɗan. Na fito na zauna a kan wani benci a waje na yi wa Baba addu'a.

Ga wanda zai bi wannan hanya, shawarata ita ce ya fara duba watannin da Buckingham ke buɗe kafin ma ya zaɓi lokacin neman biza, don in ya zo a Disamba ko Maris zai iya ƙarewa a bakin ƙofa. Ya sayi tikiti kai tsaye, ya karanta shafin har ƙasa, ya sake dubawa ana gobe zai je, saboda fadojin nan wuraren aiki ne, hidimar sarauta na iya sa a rufe wani sashe. Ya ware wa Windsor Litinin ko Alhamis ko Juma'a ko Asabar, ya fara da majami'a. Kada ya haɗa fada biyu a rana ɗaya, ƙafa ba za ta ɗauka ba, kai ma ba zai riƙe ba. Ya tanadi katin da ake ɗorawa a kan na'ura ya biya, don wurare da yawa da motocin haya na Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi, ya sa takalmi mara tsini, ya rage kaya a jaka. In da hali ya bi su a jere, Kensington, sannan Buckingham, sannan Windsor, zai ga gidan yana tashi daga Hanover yana zuwa inda yake yau. Hampton Court da Hasumiyar Landan ban samu zuwa ba, kuɗin guzurina bai kai ba, kuma na gwammace in ga uku da kyau.

Na dawo Katsina ranar 4 ga Satumba, kwanaki kafin a koma makaranta. Da muka zo darasin mulkin mallaka a zangon nan na rubuta sunaye ukun kamar kullum, sannan na zana taswirar majami'ar a gefen allo na sa alama a inda kowannensu yake kwance. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to ita Victoria fa, tana ina?" Na ce mata tana Frogmore, a cikin lambun Windsor ɗin, kusa da mijinta, kuma nan ban samu shiga ba.